Daga Bakin Shago: Kafin Ka Zargi Kaya, Dubi Haƙoran Zarto

Wannan karon zan ɗan jingine maganar kwastan da canjin kuɗi, in taɓo wani abu da ake yi wa kallon ƙarami, alhali yana haɗa mai shago da mai saye faɗa fiye da yadda kuke zato. Ina nufin yankan katakon daɓen nan da ake kira laminet, wanda masu Faransanci a nan Kwatano da Lome ke ce wa parke.

Duk mai sayar da shi ya san zancen. Ka sayar wa mutum kwali goma lafiya lau, bayan kwana biyu sai ga shi da falanki ɗaya a hannu, bakinsa ya yi giɓi-giɓi kamar ɓera ya kwana yana ci, yana cewa, "Alhaji, kayan nan naka jabu ne." Kafinta ne ya gaya masa haka, kuma ba a taɓa yin kafintan da zai ce laifin zartonsa ne ba. Ban ce babu jabu a kasuwa ba, akwai shi, har da yawa. Amma ɓantarewar baki wajen yanka ba ita ce shaidar jabu ba. Na Jamus mai tsada ma in aka yanka shi ba daidai ba haka zai yi, wani lokacin ma ya fi na araha ɓantarewa, domin fuskarsa ta fi tauri.

Sai mun san abin da ake yankawa tukuna. Laminet ba icce ba ne da aka tsaga daga bishiya. Hawa huɗu ne aka matse wuri ɗaya da zafi. Cikinsa garin katako ne da aka cuɗa da gam aka danne har ya yi tauri. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn shafi da ke hana shi lanƙwashewa. A samansa kuma takarda ce, i, takarda, wadda aka buga hoton icce a kanta. Waccan kalar goro ko ta madara da Hajiya ta zaɓa, hoto ne. Sai kuma a bisa takardar a zuba wani rufi mai haske kamar gilashi, wanda aka gauraya da sinadarin nan da ake yin samfefa da shi, don kada takalmi da ƙafar kujera su cinye hoton. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya fara yin wannan daɓe a 1977, shi ne aka riƙa sayarwa da sunan Pergo. Yau kuwa yawancin wanda ke shigo mana daga Sin yake zuwa, musamman yankin Changzhou, sai na Turkiyya da na Turai. Kaurinsa daga milimita 7 ne zuwa 12, kuma a jikin kwalin za ka ga an rubuta AC3 ko AC4 ko AC5. Yawan lambar, yawan taurin fuskar.

To wannan rufin na sama shi ne matsalar. Yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, irin na tangaran. In aka danna shi ciki, garin katakon da ke ƙarƙashinsa ya tare shi, sai ya yanku sumul. In kuwa aka ɗago shi daga ƙasa, babu abin da ke riƙe shi ta sama, sai ya ɓalle ya tafi da takardar hoton. Daga nan ƙa'idar duka ta fito: haƙorin zarto ya shiga ta fuskar falanki, ya fita ta bayansa. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar haddace komai, sai dai ya dubi zarton da ke hannunsa ya ga ta ina haƙoransa ke cin katako.

Zarton hannu na gargajiya yana ci ne lokacin da ka tura shi ƙasa, saboda haka fuskar falanki ta dubi sama. Ka kwantar da zarton kaɗan, kada ka tsayar da shi ƙiƙam, kuma kada ka danna lokacin da kake jawo shi baya. Ka nemi mai ƙananan haƙora. Wanda ake tsaga katakon rufin kwano da shi ba na wannan aikin ba ne.

Zarton lantarki mai faifai da ake riƙewa a hannu shi ne yake rikita mutane. Faifansa yana juyawa ne ta yadda haƙoran gaba ke tasowa daga ƙasa zuwa sama. Ke nan in ka ajiye falanki fuska sama, haƙoran ta fuskar za su fito, su watsar da ita. Da wannan inji kifa falanki ake yi, a ja layi a bayansa, a yanka. Sannan a daidaita zurfin faifan, ya zarce kaurin falankin da 'yan milimita kaɗan kawai, ba a sake shi gaba ɗaya ba kamar za a yanka gungume.

Shi ma ɗan injin nan mai siririn tsinke da ke hawa da sauka, wanda kafintoci ke kira jigso, tsinkensa na yau da kullum yana ci ne lokacin da yake hawa. Shi ma kifa falanki za a yi. Amma akwai tsinken da aka juya haƙoransa suna kallon ƙasa, domin irin wannan aikin aka yi shi. Na kamfanin Bosch lambarsa T101BR, kuma wasu kamfanoni ma suna da irinsa. Da shi za ka iya yanka fuska sama kana ganin layinka, sai dai ka danne injin da kyau domin yana son ya yi tsalle. In injin yana da maɓallin nan da ke sa tsinke ya riƙa lilo gaba da baya don sauri, a mayar da shi sifili. Saurin nan shi ke yaga baki.

Zarton tebur, wanda faifansa ke leƙowa daga ƙasa, da kuma wanda ake sauke shi daga sama kamar ana sara, su biyun fuska sama ake yi musu, domin haƙoransu na saukowa ne a kan katako.

Na san wani zai ce, "Malam, ai na kifa shi, amma duk da haka ya ɓantare." To sai mu dubi faifan. Ka tuna na ce an zuba sinadarin samfefa a fuskar. Wato duk yankan da aka yi, kamar an goga haƙoran zarto ne a kan samfefa. Faifan da zai yi wata da watanni yana yankan farin katako, a laminet ɗaki biyu ko uku kan iya dakusar da shi. Dakusasshen haƙori kuwa ba ya yanka, duka yake yi. Alamarsa ba ta ɓuya: ƙauri, baƙin tabo a bakin yanka, da kuma sai an tura injin da ƙarfi. Faifan da ya dace shi ne mai ɗan ƙarfen kabaid a kan kowane haƙori, kuma mai haƙora da yawa. A ƙaramin faifai na milimita 185 a nemi mai haƙora 40 zuwa 60, a babba na milimita 250 kuwa mai 60 zuwa 80. Wanda ke zuwa tare da injin daga kanti galibi haƙoransa 24 ne ko kusa da haka, na tsaga ne, ba na ado ba. Kuɗin faifai mai kyau bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin katakon falo guda, amma a nan ne za ka ga ana tsumulmula. An kashe dukiya a kan kaya, an hana zarto haƙora.

Akwai 'yan dabaru da ke taimakawa. A manna salatif na takarda irin na masu fenti a kan fuskar, daidai inda zarto zai bi. Ko a ɗora ƙarfen awo a kan layin, a tsaga fuskar da kaifaffar wuƙa sau biyu ko uku kafin zarto ya zo. A bar injin ya gama ɗaukar gudu kafin ya taɓa katako, a tura shi a hankali. Sannan a tallafe guntun da zai faɗi. Da yawa yanka yakan tafi lafiya har ƙarshe, sai guntun ya rinjaya da nauyinsa ya ɓalle ya tafi da kusurwa. Yaro ɗaya ya riƙe, ko a sa wani katako a ƙarƙashi, shi ke nan.

Yanzu bari in yi magana da babbar murya a kan abin da na fi gani a wuraren gini, daga Kwatano har Maraɗi. Mai sa tayil ne ake ba wa aikin laminet, shi kuma abin da ke cikin jakarsa shi ne injin nan na hannu da ake yankan tayil da rodi da shi. In ya yanka da faifan tayil, ƙona katakon yake yi, hayaƙi ya turnuƙe, baki ya yi baƙi. Wannan asarar kaya ce kawai. Wanda ya fi muni shi ne a ɗaura wa injin faifan zarto mai haƙora. Ƙaramin injin nan yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, ninki biyu na zarton lantarki na katako, kuma ba shi da faranti da zai zauna a kan katako. Haƙori ɗaya ya maƙale, injin ya fizge ya dawo kan mai shi, hannu ko cinya ko fuska. Maigida, in ka ga an ɗaura wannan a gidanka, ka tsayar da aikin nan take. Ba ruwanka da ko zai ji haushi. Yaron wani ne, kuma da yatsun nan yake ciyar da gida.

Abin da ni nake ba da shawara a kai ga duk wanda ya ɗauki wannan sana'a da gaske shi ne wuƙar laminet, mai dogon hannu da ake dannawa kamar abin yankan takarda na masu ɗab'i. Ba ta son lantarki, ba ta ƙara, ba ta tayar da ƙura. A garuruwanmu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana yin yankan gicciye, wanda shi ne mafi yawan yankan da ake yi a ɗaki. Yankan tsawo da na lanƙwasa kuwa dole sai zarto. 'Yan'uwa masu shigo da kwantena, ku riƙa jefa ko guda goma a ciki. Wanda ya sayar da kaya ya kuma ba da aron wuƙa, ƙorafi zai ragu a shagonsa.

Tsabtar yanka ba ita kaɗai ke cinye falanki ba. Akwai yanka ta gefen da ba shi ba. Kowane falanki yana da harshe a wani gefe da tsagi a ɗaya gefen, abin da masu aiki ke kira namiji da mace, kuma haka kawunansa biyu suke. In aka zo ƙarshen layi, ana buƙatar guntun da kansa zai shiga cikin na bayansa, yankakken bakin kuma ya dubi bango. Hanya mai sauƙi ita ce a juya falankin kai ya koma gindi, a jera shi kusa da gurbin, a bar ratar bango, a sa alama daidai inda na baya ya ƙare, a ja layi da sukwaya, a yanka, sannan a sake juyo shi. In an yi daidai, ragowar ita za ta fara layi na gaba, muddin ta kai santimita 30. Wato yanka ɗaya, guntaye biyu masu amfani. In an yi kuskure kuwa, musamman da yake an kifa falankin dama ta koma hagu, sai a tashi da guntun da ba shi da inda zai shiga. Kuma a kula kada gaɓar layi ɗaya ta zo kusa da gaɓar na kusa da shi, a bar aƙalla santimita 30 tsakaninsu, in ba haka ba daɓen ba ya ƙarko, ga muni.

Layin ƙarshe kuma tun ranar farko ake lissafa shi. A ce faɗin ɗaki santimita 394 ne, falanki kuma 19.5. Cire santimita 2 na ratar bango biyu, saura 392. Layi 20 sun cinye 390, saura santimita 2. Wa zai iya tsaga falanki ya fitar da siririn santimita 2 mai tsabta, har ya ƙulle? Ba zai yiwu ba. Abin yi shi ne a haɗa 19.5 da 2 a raba biyu, layin farko da na ƙarshe kowanne ya samu kusan santimita 11. Ƙa'idar masu kaya ita ce kada layin ƙarshe ya gaza santimita 5. Lissafin minti biyar ne da fensir, amma sai a fara shimfiɗa da bismilla kawai, a je ƙarshe a tsaya ana kallon juna.

Don kada in tsorata uwargida: mafi yawan yanka ba a ganinsa. Yana ɓuya ne a ƙarƙashin katakon gindin bango, wato sikatin. Ƙaramar ɓantarewa ta milimita ɗaya ko biyu a can ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Inda ido ke zuwa shi ne bakin ƙofa, gindin ginshiƙi, da inda bututu ya fito. A nan ake gane gwani. A ƙofa mai firam na katako, ba falanki ake sassaƙawa ya bi siffar firam ba. Ana kifa guntun falanki a kan sosonsa a jikin firam ɗin, a kwantar da zarton hannu a kansa, a yanke gindin firam, sai daɓen ya shige ƙarƙashi. In firam na ƙarfe ne, kamar yadda ya fi yawa a gidajenmu, sai a zana siffar a kwali tukuna, a mayar kan falanki, a bi da jigso, a cike ratar da silikon mai kalar katakon. Bututu kuma a huda rami da ya fi shi faɗi da kamar milimita 20, a yanka ta tsakiyar ramin, a mayar da guntun da gam ta bayan bututun.

Ratar nan ta bango da nake ta ambata, milimita 8 zuwa 10 ce a kowane gefe, kuma ba kuskuren awo ba ce. Garin katako yana shan laimar iska ya buɗe, ya bushe ya tsuke. Mu da ke bakin teku mun san yadda damina ke sa ƙofa ta ƙi rufuwa. Kafintan da ya yanka falanki cif da bango don a yaba masa, ya dasa matsala: damina na zuwa daɓen zai rasa inda zai je, sai ya yi tozo a tsakar ɗaki. Masu aika kaya gida kuma, daga sito a Kwatano ko Tema ko Duwala zuwa Kano ko Damagaram, ku sani kun ɗauko shi daga laima kun kai shi bushewa. A shigar da kwalayen ɗakin da za a shimfiɗa su, a kwantar da su, a bar su aƙalla awa 48 kafin a yanka ko ɗaya. Na san yadda ake yi, biki saura kwana uku ake tuna ɗakin amarya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da ya shafi iyayenmu mata kai tsaye: duk inda aka yanka, cikin falankin ya bayyana, kuma nan ne ƙofar ruwa. Fuskar ba ta shan ruwa, amma yankakken baki kamar biredi yake. In ya sha ya kumbura, ba ya komawa. Saboda haka a bakin banɗaki da ƙofar kicin a toshe ratar da silikon, kuma a bar al'adar kwara bokiti a bi da tsintsiya. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. Wanda ya san gidansa gidan yara ne da buta, gara ya sayi ɗaya nau'in da ake kira SPC, wanda aka yi da roba da garin dutse. Suna kama a ido har masu saye na rikita su, amma shi ruwa ba ya kumbura shi, kuma yankan gicciyensa da wuƙa ne: a tsaga fuskar, a karya. Kada a gwada wannan karyawar a kan laminet mai kauri, bakin ba zai fita da kyau ba.

Ƙurar yankan kuma ba irin ta share tsakar gida ba ce. Laushi gare ta kamar garin fulawa, ga gam a cikinta. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar tun 1995, musamman ga masu shaƙarta shekara da shekaru. A yi yankan a waje ko a baranda, mai yanka ya sa takunkumi da tabarau, a kori yara daga wurin. Mai asma kada ya kusanto. Kuma kada a kwashi guntayen a kai murhu, ba itacen girki ba ne.

Saura lissafin saye. Ɗaki mai mita 4 da mita 4 murabba'in mita 16 ne. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka, ya zama 17.6. In kwali yana rufe kamar murabba'in mita 2, kwali 9 za a saya, ba 8 ba. In shimfiɗar a karkace za a yi, ƙarin ya kai kashi 15. Mai saye yakan ɗauka wayo muke yi masa don mu ƙara ciniki. Abin da bai sani ba shi ne, in ya dawo bayan wata biyu neman kwali ɗaya, wataƙila kalar ta ƙare, kwantena kuma tana fin wata guda a teku, in ta iso ma ba lalle kalar ta zo daidai da ta farko ba, ko da lamba ɗaya ce.

Ni yanzu kafin in rubuta rasit nakan tambayi mai saye, "Wa zai sa maka, kuma da me zai yanka?" In bai sani ba, nakan ce ya turo min kafintan mu gaisa. Kai ma maigida ko uwargida, ba sai kin iya riƙe zarto ba. Ranar da za a fara aiki, a ba kafinta falanki ɗaya, a ce ya yanke ɗan guntu daga kansa a gabanku. A shafa bakin da yatsa, a ɗaga shi a haske. In ya fita sumul, a ci gaba. In ya yi giɓi, a ce ya kifa shi ya sake. In har yanzu bai gyaru ba, a tura yaro kasuwa ya sayo sabon faifai kafin a buɗe kwali na biyu. Falankan da suka rage bayan an gama kuma a ajiye su kwance a wuri busasshe, tare da gefen kwalin da ke ɗauke da lambar kalar.